Muryar Sammani Ba a Cikin Gora Take Ba

Tun gemuna yana baƙi nake faɗin magana ɗaya a Karare, yau ga shi ya yi fari fat, ban sami wanda ya tsaya ya ji ta har ƙarshe ba. Na faɗe ta a kasuwa, na faɗe ta a bakin rijiya, na faɗe ta a ƙofar mai gari: muryar Sammani ba a cikin gora take ba. Duk wanda na gaya wa sai ya yi murmushi ya ce, “To Gagare, mun ji,” ya kaɗe rigarsa ya wuce. Da can abin dariya ne, na haƙura. Yau mai muryar ya tafi, maganar nan kuma tana neman kashe maƙogwaron ɗansa Jinjiri kafin a gama noman bana. Shi ya sa na ce a rubuta, a karanta a gaban jama'a ranar sadakar arba'in.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi da hantsi, ashirin ga watan ƙaramar salla, Allah ya karɓi ran Sammani mawaƙin noma, a ɗakinsa, bayan ɗan gajeren ciwon haƙarƙari. Malam Yusha'u na Safana, wanda ke riƙe da alƙalamin nan, ya ce shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da goma ce daga hijira. Ni ban san wannan ba. Allona bai wuce abin da zan yi salla da shi ba. Na dai roƙi Malam kada ya gyara mini magana, in ya ga ta karkace ya bar ta, haka take a bakina.

Sammani, yanzu da kai nake. Ni ne ɗan amshinka na kafaɗar hagu. Tun muna samari, ƙafa ba takalmi, muna bin gangar noma gona-gona, kai kana ɗauko waƙa ni ina karɓa, har ranar da numfashinka ya ƙi. Babu wanda ya san bayan wuyanka kamar ni. In jijiyar nan ta ƙasan kunnenka ta motsa na san za ka hau sama, in ka sauke kafaɗa na san za ka bar mana baiti mu riƙe ka huta. Saboda haka in na yi magana a kan muryarka, ba ji na yi a gari ba.

Yaran yanzu da ba su ga gayyar da ba, bari in gaya musu. Samarin gari uku sukan ja sahu da hauyoyi a gona ɗaya, wadda in ka tsaya wannan gefe ba ka gane fuskar na wancan gefe. Ganga tana kuka, mata suna guɗa, ƙarfe yana cin ƙasa. A cikin wannan hayaniya ake so mawaƙi ya kira manomi da sunan ubansa, manomin kuma ya ji daga can ƙarshen sahu, jininsa ya tashi. Muryarka ba ta kai ta Ɗanjummai na Runka kauri ba, wannan na yarda. Ba ta kuma da zaƙi irin na zabiya. Abin da take da shi, tafiya da daɗewa. Yadda ta fito da hantsi haka take da la'asar sakaliya, lokacin da sauran mawaƙa sun koma buɗe baki kawai kamar kifin da aka jefo tudu.

To mutanen Karare suka duba suka ce wannan ba aikin ɗan Adam ba ne. Sun kuwa sami abin kamawa. Mahaifiyarka Laraba, Allah ya jiƙanta, daga gidan Maguzawa ta fito, can bakin dajin Rugu. Ta musulunta tun kafin a haife ka, ta mutu da tasbaha a hannu, amma bakin mutane bai taɓa yafe mata asalinta ba. Sai aka haɗa wannan da goranka.

Goran duma ne ɗan madaidaici, ka sa baduku ya naɗe shi da fata. Kowa in ya je gona inuwa yake nema wa ruwansa, kai kuwa tsakiyar rana kake ajiye naka. Kowa yakan ɗaga gora ya kwankwaɗa, kai kurɓa kake yi kamar mai shan magani. Kuma ba ka taɓa bari wani ya sa masa baki ba, ko ni. Aka ce ai shi ke nan, tsafin uwarsa ne a ciki.

Ni na san abin da ke ciki, don sau da yawa a gabana Turai matarka take haɗawa. Ruwa ne take tafasawa da asuba, ta daka citta da 'yan ƙwayoyin kanumfari ta zuba, in akwai zuma a gidan ta ɗiga. Fatar da ranar don kada ya huce ne. Kai da bakinka ka ce mini, “Maƙogwaron da ya ɗauki zafi kamar tukunya yake a kan murhu. Zuba mata ruwan randa ka ga abin da zai faru.” Shi ya sa in an kawo fura mai sanyi tsakar rana kowa ya rufa mata, kai sai ka koma gefe har guminka ya bushe, aka ce girman kai ne. Hana shan goran kuwa, tun kana saurayi ka taɓa shan ruwa bayan mai tari, ka rasa rabin damina kana kaki, ka rantse ba za a ƙara ba. Iyakar asirin ke nan. Tsohuwar da ke sayar da kayan yaji a kasuwar Batsari ta fi kowa saninsa.

Sauran abubuwan ma haka aka juya su. In mun isa gona kakan ɗebi ƙasa ka watsa sama, aka ce sadaka kake ba aljannu. Kai kuwa dubawa kake yi ina iska ta nufa, don ka tsaya ta bayanka, ta ɗaukar maka murya zuwa ga manoma maimakon ta mayar maka da ita cikin baki. A hanya ba ka gaisawa da kowa sai da hannu, bakinka a rufe kana wani gunji ta hanci kamar ƙudan zuma a cikin kogon kuka, aka ce surkulle ne. Na tambaye ka, ka ce, “Ka taɓa ganin an kwance doki daga turke an sa shi sukuwa nan take? Sai an zagaya da shi tukuna.” Jajiberin gayya kuwa ba ka magana da kowa, yini guda. Turai takan ce wannan ce ranar da kunnenta ke samun lafiya. Wata rana na zo da magana mai muhimmanci, na ce to ka raɗa mini amsa mana. Ka girgiza kai. Bayan gayya ka ce, “Gagare, raɗa ta fi magana cin murya. In za ka yi shiru, yi shiru.”

Gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba sa shiga bakinka ranar aiki. Taba ba ka taɓa gumtsa ba. Goro sai an sauke ganga. In Turai ta hura ɗanyen itace gidan ya cika da hayaƙi, zaure kake komawa kana mita. In kaki ya tsaya maka ba ka kakarinsa da ƙarfi yadda muke yi, sai ka kurɓi ruwanka ka haɗiye, ka ce mai yawan gyaran murya kamar mai wasa wuƙa a kan dutse ne kullum, wata rana zai duba ya ga saura ƙota.

Amma babban abin ba a ci da sha yake ba. Na tuna ranar da ka kama hannuna ka ɗora a haƙarƙarinka ka ce in ji. Ka ja numfashi, gefenka ya buɗe kamar zugazugin maƙera, kafaɗarka ko motsi. Ka ce, “Mai ihu da wuya yake waƙa, wuya kuwa siririn abu ne. Ɗauko ta daga ƙasan cibiya, wuya hanya ce kawai.” Ka kuma ce kada mawaƙi ya yi kokawa da ganga. “Ganga fata ce, ba ta gajiya. Kai nama ne.” Sai ka nuna mini yadda kake jiran ɗan sararin da ke tsakanin bugu da bugu ka zura maganarka a nan, kamar mai shiga kasuwa ta lungu. Kana farawa ƙasa-ƙasa da safe, ba ka taɓa babbar muryarka sai rana ta take, lokacin da gwiwar samari ta fara sanyi, lokacin da ake bukatarta. Wawa ne ke kashe babban rago ranar da baƙi ba su iso ba.

Yanzu bari in faɗi naka laifin, don mutuwa ba ta hana gaskiya, kuma kai ma ba ka san ni da rufa-rufa ba. Kana jin daɗin jita-jitar nan. In wani ya matso ya ce, “Sammani, don Allah me ke cikin goran nan?” sai ka lumshe ido ka ce, “Abin da ke ciki.” Mun yi faɗa a kan wannan ya fi a ƙirga. Ka ce, “Bar su, Gagare. Mutum ya fi girmama abin da bai gani ba.” Na ce maka wata rana wannan wasa zai ci wani. Ga ranar ta zo. Kai kana kwance abinka, ni aka bari da ita.

Akwai kuma maganar ja-gaba, wadda ban yafe ba sai jiya da dare da na tuna ba ka nan. Shekara da shekaru ina cewa ka bar ni in ɗauko waƙa ko sau ɗaya, kana cewa, “Muryarka ta amshi ce, Allah ya yi ta ginshiƙi, kada ka ce sai ta zama tulluwa.” Da ka gaji da nacina ka bar mini wata ƙaramar gayya a Safana. Kafin azahar na dushe, ka karɓa ka ƙarasa gayyar, sannan ka yi shekara kana kwaikwayona a zaure. Har yau ina nan a kan bakana, iska ce ta juya ranar.

Duk da haka, wa ya kai ka zumunci? Shekarar da kurkunu ya kama ni ƙafa biyu a tsakiyar damina, ciyawa ta haɗiye mini gero, ina kwance ina kallon rufin ɗaki ina tunanin abin da iyalina za su ci, sai na ji ganga a bayan gari, wajen gonata. Ka bi gida-gida ka tara samari, ba tuwo ba fura, ka yi musu waƙa tun safe har suka share ta tas. Da na ce zan gode, ka ce, “Rufe mini baki. Kurkunun ma don ya san ba ka da aikin yi ne ya zaɓe ka.”

Kuma duk wanda ya kai shekaruna a ƙasar nan ya tuna shekarar da mahaya daga Maraɗi suka faɗo mana bayan girbi. Gari ya watse, wasu cikin duwatsu, wasu cikin daji, uwa ba ta san inda ɗanta yake ba. Maharan suka tafi, amma ba wanda ya yarda ya fito, kowa yana tsoron dabara ce. Aka yi ta ƙwala kira, kiran yana ƙara firgita mutane. Kai ne ka hau dutse, ka watsa ƙasa, ka juya fuskarka wajen ɗaya dutsen don ya mayar da sauti cikin kwari. Ba ihu ka yi ba. Waƙar tashi daga gona ka ɗauko, wadda ko yaron goye ya san ta, kana saka sunan kowane gida a ciki, ni ina karɓa maka. Tun hantsi har rana ta yi ja kana abu ɗaya. Muna kallo mutane suna ɓullowa ɗaya-ɗaya daga cikin sabara. Da aka natsu me aka ce? Aka ce aljannun uwarsa ne suka kai muryar. Ko a wannan ranar ba a bar maka wahalarka ta zama taka ba.

Akwai mutum ɗaya a raye, ban da ni da Turai, wanda ya san gaskiya sarai, shi ne Ɗanjummai na Runka, abokin hamayyarka. Na san yana zaune cikin taron nan, don ba ya rasa sadaka. Shekarar da muryarsa ta mutu ana tsakar maimai, wurin wa ya zo da rawani rufe da fuska? A zaurenka ya zauna. Ka hana shi magana, ka sa Turai tana dama masa kunu mai ɗumi, kana sa shi sirace da ruwan zafi safe da yamma, kana zaune kusa da shi kana ba shi labari don kada kaɗaici ya sa shi buɗe baki. Na ce maka, “Wanga mutum in ya warke kai zai fara tsaya wa.” Ka ce, “To in bai warke ba da wa zan yi?” Ya warke, ya koma Runka ya ce wani malami ne a gabas ya yi masa rubutu. Ɗanjummai, ka ci amanar kunun Turai. Yau ranar biya ce, ba kuwa da komai ba sai da baki.

Yanzu ga inda abin ya ɓaci. Jinjiri ɗan fari ne. Kowa ya san yadda muke da ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi tabarma ɗaya, ba ya duban idonsa ya yi doguwar magana. Kai kuwa, Sammani, ka riƙe wannan alkunya fiye da kowa. Baƙo daga Runka ya sami zaurenka, ni na sami haƙarƙarinka, ɗan cikinka bai sami ko ɗaya ba. In ka ji ya yi kuskure sai ka dubi bango ka ce, “Wasu dai suna cin gyaɗa,” ko ka aiko ni in gaya masa. Shi kuwa duk abin da ya fito daga bakina sai ya ɗauke shi hassadar ɗan amshi. Ya girma, ga gemu ga 'ya'ya, sunan Jinjiri bai bar shi ba, yana jin abin da gari ke faɗi, yana jiran ranar da ubansa zai kira shi ya damƙa masa asirin gora.

Ranar da za ka cika ka sa aka fitar da kowa, ka ce a kira Gagare. Na durƙusa na kai kunnena. Numfashinka yana fita guntu-guntu. Na zaci wasiyyar gona ce ko ta iyali. Ka ce, “Yaron nan... yana ɗaga haɓa in zai hau sama. Yana shaƙe kansa. Ka hana shi.” Ka huta, ka ƙara da cewa, “Ya fi ni murya. Kada ka gaya masa, zai lalace.” Daga nan sai kalmar shahada. To ka yafe mini, na faɗa yau a gaban jama'a, don lalacewar da kake tsoro ta zo ta wata ƙofa.

Mutanen da ke tsakar gida sun ga an fitar da ɗa an shigar da bare. Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta gama gari: Sammani ya ba Gagare asirin. Bayan sadakar bakwai Jinjiri ya same ni gindin tsamiya, goran yana hannunsa. Ya zazzage shi bai ga komai ba sai tuƙar citta.

Ya ce, “Baba Gagare, me ya gaya maka?”

Na ce, “Ya ce kana ɗaga haɓa.”

Ya ce, “Baba, ban zo wasa ba.”

Na ce, “Ni ka ga na yi kama da mai wasa?”

Sai ya ce, “Ka ƙare rayuwarka a bayansa kana jiran ranarka. To ko ka ba ni ko ka hana ni, ranar nan ba za ta zo ba.”

Na sha zagi a duniya, wannan ne ya shige ni. Amma ban riƙe shi ba, yaro ne, kuma gari ne ya sa masa maganar a baki.

Daga wurina wurin wani boka ya nufa, can hanyar Runka. Bokan ya ba shi wani garin magani, na shinshina abin da ya zube a zaure, barkono ne da kanwa da abin da ban sani ba. Ya ce ya riƙa afawa busasshe, kuma kullum da sassafe ya leƙa tsohuwar rijiya ya yi ta ƙwala ihu har maƙogwaro ya buɗe. Duk mai wucewa bayan gari ya ji shi. Farko muryar tana fita kamar ta ubansa, har hawaye suka zo mini. Yanzu kamar ta tsohon zakara, tana tsinkewa a tsakiya. Shekaranjiya Turai, tana cikin takabarta, ta aiko a kira ni, ta yi mini magana ta bayan zana. Ta ce ta ga jini a abin da yake tofarwa. Shi kuwa bokan ya ce alamar buɗewa ce, a ƙara.

Ga kuma gayyar gandun hakimi tana tafe da noman fari. Gari uku za su haɗu, gangar Runka za ta zo, mai garinmu ya riga ya yi alkawari cewa ɗan Sammani zai tsaya inda Sammani ke tsayawa. Na je wurin mai gari na faɗi na yi gaisuwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, a ɗaga wa yaron nan bana. In ya tsaya yini guda a gandu da wannan maƙogwaro, ba zai ƙara waƙa ba har abada.” Ya ce, “Gagare, ka ba shi abin ubansa mana, magana ta ƙare.” Na ce babu abin. Fadawa suka yi dariya. Ya ce, “To, za a duba.” Na koma har sau nawa, ana nan ana dubawa.

Na ga muryar da ta mutu, ba labari aka ba ni ba. Akwai wani a Safana da ya yi irin wannan taurin kai muna samari, ya ƙare rayuwarsa ko sallama ya yi sai an matso an ce me ka ce. Murya ba gona ba ce da za a ce bana ta ƙi, baɗi a zuba taki.

Jinjiri, ga gadonka, a gaban shaidu, ba na riƙe ko ƙwaya. Ka zubar da garin bokan nan. Ka bar rijiya ta huta. Ka rufe bakinka, ba magana, ba raɗa, ba tsawa ga yara, har gero ya yi bununi. Ka sha ruwan ɗumi, ka yi sirace, ka yi barci. In jinin ya tsaya, muryar ta dawo da kanta, ka zo zaurena da safe mu fara da gunjin hanci kamar ba ka taɓa waƙa ba. Zan ɗora hannunka a haƙarƙarina yadda aka ɗora nawa. Zan riƙe maka haɓa da yatsa har ta koyi zama. Ba na shakka ko kaɗan, in ka yi haka, baɗi war haka Ɗanjummai zai nemi inda zai ɓoye gangarsa. In kuwa kana ganin ina neman gurbin ubanka ne, kwantar da hankalinka. An gwada ni a Safana, kowa ya ji yadda aka ƙare.

Gayyar bana kuwa ba za ta rasa sauti ba. Mu 'yan amshi muna nan, tsofaffin waƙoƙin suna bakinmu, za mu haɗa murya mu riƙe su tare yadda muke riƙewa in maigida yana hutawa. In Runka ta fi mu bana, ta fi mu. Gero bai san wanda ya yi waƙa ba. Kunyar yini ɗaya ce, da ita da a binne muryar gidan Sammani sau biyu a shekara ɗaya, kowa ya auna.

Allah ya jiƙanka, Sammani. Allah ya yafe maka abin da harshe ya yi na wuce gona da iri, irin wanda sana'armu ba ta rasawa. Ya sa gumin da ka sa aka zubar a gonakin marasa ƙarfi ya zama maka inuwa. Ya sa waɗanda ka kira suka fito daga daji su zama shaidunka. Ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya haɗa ka da mahaifiyarka a inda ba a tambayar kowa gidan da ya fito. Turai, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki tashin asubar da kika yi shekara da shekaru ba wanda ya sani. Jinjiri da ƙannenka, da jikoki, da makaɗa da 'yan amshi, da duk Karare, Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Saura amsa. Ɗanjummai, tashi ka gaya wa mutanen nan abin da aka ba ka a zauren mamacin, ko rubutu ne ko kunu. Turai ba za ta iya fitowa ba, amma tana ji ta bayan zana, in ƙarya na yi ta aiko a faɗa. Kai kuma mai gari, ranka ya daɗe, shuka ta tsiro, ciyawa ba ta jiran kowa, ba sauran lokacin dubawa. Jinjiri zai tsaya a gandu bana, ko za a bar shi ya warke? I ko a'a nake so, da bakinka, a gaban waɗanda suka ci sadakar ubansa. Malam zai naɗe takardarsa ya koma Safana, ni kuwa ina nan kan tabarmar nan. Ba zan tashi ba sai an ba ni amsa.